Ranar da na sauke Gwaggo Hari

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da haƙora sun ƙare a bakina, da ranar da na yi wa Gwaggo Hari taimakon da ba ta roƙa ba.

Lokacin ina elimantare a Dutsin-Ma, Turawa ba su riga sun tattara nasu ya nasu ba. A wurin kakata Iya nake zaune. Bayan madafinta akwai wani ɗan ɗaki mai duhu da matan unguwa suke kira ɗakin kowa. Randuna ne jere a ciki, ta gero, ta dawa, ta wake, sai tukwanen kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Da kaka kowace mace ta zubo abin da ta iya. In damina ta yi tsaka, rumbuna sun yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, wadda tukunyarta ta kwana a kife sai ta zo ta ɗiba.

Doka ɗaya ce a ɗakin. Kowa da ƙwarya rufe da faifai take zuwa, ta shiga ita kaɗai, ta saki asabari, ta fito da ƙwaryarta a rufe. Ba a sanin wadda ta kawo da wadda ta ɗiba. Iya takan ce mace in aka tona mata asiri sau ɗaya ba za ta ƙara takowa ba, gara ta bar yaranta su kwana da ruwan rama a ciki.

Ni kuwa ba na magana, amma ina da ido (kunyata ta kai in malami ya kira sunana a aji sai in ji kamar in shige ƙarƙashin benci). Nakan zauna gindin tsamiyar tsakar gida kamar ina tsince wake, alhali wuyan mata nake karantawa. Mai cikakkiyar ƙwarya wuyanta a sandare yake, gammonta a matse, takunta gajere. Mai wofi kuwa har waige take yi. A raina na ɗauka duk unguwar ni kaɗai Allah ya ba wannan ilimi, har tausayin manya nake ji don ba su iya ba.

Wata ranar Alhamis bayan La'asar mata sun cika tsakar gidan, masu kaɗi na kaɗi, masu kitso na kitso, sai ga sallamar Gwaggo Hari. 'Yar Kurfi ce da aure ya kawo ta unguwarmu, mace mai ji da kanta, kullum da tozali da munduwa, ba a taɓa jin ta ce babu ba. Ta shigo da wata ƙatuwar ƙwarya a ka, tana nishi, tana dafa bango, tana amsa gaisuwa da ƙyar. Na duba wuya, na duba taku, na ce a raina yau kam randar gero za ta cika.

A makon nan aka koya mana a makaranta cewa yaro mai ladabi ba ya ganin babba da kaya ya zauna. Ban san inda kunyar tawa ta tafi ba. Na miƙe da sauri, na ce, "Sannu Gwaggo, kawo in sauke ki." Ta fara cewa in bari, amma na riga na kama. Na kafa ƙafa, na cije leɓe, na tattaro duk ƙarfin tuwon da na ci, na ɗaga.

Ƙwarya ta tashi sama kamar an harba ta. Faifai ya yi gabas, ita ta bugi reshen tsamiya ta dawo, ta yi ta juyi a ƙasa tana ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa. Kajin Iya suka rugo da gudu, suka leƙa, suka juya suka tafi. Ni kuma ga ni zaune a ƙasa, zanen makaranta ya sha laka.

Gwaggo Hari na tsaye da gammo a ka, tana kallon bango. Sai a lokacin na lura hannunta ba munduwa.

Mai hankali da sai ya yi shiru. Ni sai na rarrafa na ɗauko ƙwaryar, na ce wataƙila ta ɓule ne hatsin ya tsiyaye a hanya. Don in tabbatar, na ɗaga ta sama wajen haske, na juya ta gaban kowa ina neman hujin (babu ko tsaga, ƙwaryar lafiyarta lau). Iya ta rufe fuska da gefen zane. Na tabbata na kashe ɗakin kowa da hannuna, kuma yaran Gwaggo za su kwana da yunwa saboda ladabina.

Sai Gwaggo Hari ta cire gammon, ta shafa wuya, ta ce, "Ke 'yar boko, Allah ya shirye ki. Tun daga bakin kasuwa nake wannan nishin, wuyana har ya sage da gaske, kin ɓata mini aiki a ƙofar ɗaki."

Inna Tasalla mai daddawa ta ajiye mazarinta ta ce, "Ai ke ma Hari kin cika gishiri. Wa ke nishi haka da gero? Na ɗauka dutsen niƙa kika ɗauko."

Dariya ta ɓarke, har mai kitso ta saki kan da take yi. Nan suka shiga tonon juna. Wannan ta ce ita 'yar tsakuwa take sawa don gammo ya zauna, waccan ta tashi ta gwada irin takun da take yi, aka ce ai tun bara an gane ta. Ashe duk sun iya karatun wuya, sun fi ni nesa ba kusa ba. Kowa na gani, kowa na kau da kai. Ni kaɗai ce aka ruɗa a duk gidan.

Iya ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa wa Gwaggo, ta ɗaga mata asabari da kanta. Da Gwaggo ta fito sai ta ɗora mini ita a ka, taf da gero, ta ce tunda ina son aikin lada ni zan kai mata gida. Sharaɗi ɗaya: kada kowa a hanya ya ga alamar nauyi. Haka na ratsa unguwa wuyana na neman karyewa, ina murmushi, ina waige-waige, ita tana biye tana ce mini in ƙara sauri, wofi ba ta da nauyi. Yaranta suka tarye mu a zaure, kafin in huta har an jiƙa gero an sa a turmi.

Tun daga ranar na gane ido ba abin alfahari ba ne, kowa yana da biyu. Kuma har yau in babba ta ce mini "bari," hannuna nake mayarwa baya, ko da kuwa nishinta ya kai Kurfi.