Rasuwar Allon Rataye Kayan Aiki

Da zuciya cike da baƙin ciki, hanci kuma cike da garin katako, ni Muhammadu Lawan, mai rumfar haɗa amalanke da garmar shanu a bakin Kasuwar Shanu ta Potiskum, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar dattijon rumfarmu, Allon Rataye Kayan Aiki. Ya faɗi da hantsin Talata, sha biyu ga Afrilu, 1955, bayan shekara goma sha ɗaya a jikin bango.

Asalin marigayin murfin akwati ne, wanda aka kawo mana ƙarafan garma na farko a ciki daga Kano. Kafin zuwansa rumfar nan kasuwa ce. Mu huɗu, yare huɗu, kowa da sunan da yake kiran sufana, a nemi guduma tun safe a same ta da azahar a ƙarƙashin mai nemanta. Sai muka kafe shi, muka ɗora kowane ƙarfe muka zana siffarsa da baƙin fenti. Bai san boko ba, bai san ajami ba, amma duk wanda ya dube shi ya karanta. Kayan Kaumi mai haɗa ƙafafu a dama, na Joda kafinta a hagu, na Umara mai ɗaure noti a tsakiya. Baturen gona da kansa ya tsaya gabansa ya cire hula, ko da yake Joda ya ce zafi ne ya dame shi.

Ba shi da yawan magana. "Ƙwal," in an mayar da guduma. "Ƙiii," in Kaumi ya jingina masa ƙaton bayansa.

Bai taɓa ƙarya ba, ni ne na ari bakinsa. Shekara uku da suka wuce babbar sufana ta ɓace, zanenta ya zauna wayam a tsakiya, wurin Umara. Na ce ga allo nan ya ba da shaida, na kira Umara ɓarawo a gaban mutane. Ya ɗauki hularsa ya koma unguwar Bolewa yana gyaran keke. Shekara takwas muna cin tuwo kwano ɗaya, amma tun ranar ko gaisuwa sai ta ɗaga hannu daga nesa. Abin yana cina, girman kai ya hana ni faɗi.

Ciwon ajalin marigayin gara ce. Ta shiga ta baya, ta cinye masa ciki ta bar fuska, shi kuwa yana ɗauke da kaya bai nuna ba. Ranar Talata Joda ya rataya zarto, sai muka ji kalmarsa ta ƙarshe: "Rugum!" Da ƙura ta lafa, sai ga babbar sufana kwance a gindin bango, bayan inda allon yake, ta yi tsatsa, gara ta gina mata ɗaki. Ashe wani ne ya ɗora ta a samansa ta zame baya. A rumfar nan kuwa mutum ɗaya ne tsawonsa ya kai saman allon, shi ne mai wannan sanarwa.

Ya bar guduma biyu, zarto, magagari uku, awartaki, marayun ƙusoshi arba'in da ɗaya, da sufanar da ta dawo daga doguwar tafiya.

Za a ɗauke shi ranar Alhamis da hantsi a sabon amalanke, Kaumi da Joda na ja, zuwa murhun Mairam mai ƙosai, wadda ta yi alkawarin raka shi da tuya uku. Ba hanya ba ce, amma za a bi ta Bolewa. Za a tsaya a ƙofar Umara, in tuɓe takalmi, in miƙa masa sufana, in roƙi gafara da muryar da ta fi ta wancan karon ƙarfi. Ana gayyatar kowa, musamman waɗanda suka ji ni ranar da na kira shi ɓarawo, su taho da kunnuwansu.

An yanko magajin marigayin, an zana dama da hagu. Tsakiya tana nan fara, gwangwanin fenti a gefe, ba mai taɓa shi sai Umara.