Alassane da Ragon da Bai Gasa Ba

"Duk Greensboro ba mai Turancina," in ji Alassane. "Zargin da bai dace ba kaɗai, ina da kalma goma a kansa."

Ka san irinsu, abokina. Kwali yake ɗauka a wani sito a unguwar Wendover, nan Amurka, amma in ya taho sai ka rantse lauya ne. Burinsa ɗaya a duniya, Chamsiya, 'yar Hajiya Kaltouma, wadda ko kallo bai ishe ta ba.

Ranar sunan jikan Hajiya, Nouhou mai tasi ya haƙa rami a ciyawar gidajen haya na High Point Road, ya gasa rago sukutum kamar ana Maraɗi, sannan ya tafi sayo ƙanƙara. Gogan naka ya iso, ya tsaya bakin ramin yana fifita.

"Kai, wa ya yi wannan gashi?" in ji Hajiya.

"Bon, Hajiya, ɗan abin da muka iya ne," in ji Alassane, har da ɗan Faransanci.

Mata suka rangaɗa guɗa, Chamsiya ta yi masa murmushin farko. Sarkin cika-baki ya shiga bayanin yaji, har da cewa gadon gidansu ne.

Ana haka sai ga manajar gidajen, wata Baturiya, tana huci. Ciyawa ta ƙone, hayaƙi ya cika ɗakunan mutane. Wa ya haƙa ramin nan? Hannuwa suka nuna Alassane, cike da alfahari.

"Unwarranted!" in ji shi. Baturiya ta zaro waya.

"Unjustified! Baseless!" Ta fara danna lambar 'yan sanda.

Nan fa gogan ya ajiye manyan kalmomi. Ya matsa kusa da ita, ya yi ƙasa da murya, ya zazzage mata gaskiya da Turanci, wai don kada Hajiya ta gane. Ya manta Chamsiya a asibiti take aiki, Turanci ba baƙonta ba ne.

"Me yake cewa?" in ji Hajiya.

"Mama, cewa ya yi ko albasa bai yanka ba. Nouhou ne."

Alassane ya juyo, gumi sharkaf. "Chamsiya, ai kin gani, zargi ne undeserved."

"Na gani. Yabon ma haka," in ji ta. "Amma nemo mana maƙaryaci da Turanci, wannan kam ka cancance shi."