Ranar da Muka Buɗe Kowane Kwaɗo Sai Ɗaya

Jama'a, yau na wuni ina bin agwagin maƙwabcinmu Mofiz a gonar shinkafa, zanina jiƙe sharkaf, ina ƙyaƙyata dariya kamar wadda ta zare. Na yi jika. Sauran labarin kuwa mai shagon waya ke rubuta mini, don ni da biro ba mu taɓa gaisawa ba.

Jiya da hantsi naƙuda ta kama surukata Shefali, matar ɗana, haihuwar fari. Kun san al'ada: mace na kan gwiwa, a buɗe duk abin da ke kulle don hanya ta buɗe wa jariri. Na buɗe akwatuna, na warware mata gashi, na kwance saniya. Maƙwabta suka taya mu. Mofiz mai kwale-kwale ya buɗe akurkin agwaginsa, su kuwa suka ce hutu ya samu.

Ungozomar garinmu, Shiuli, ta iso da 'yar jakarta. Shefali na cizon matashi tana kiran uwarta da ke kabari. Na ce wa Shiuli, "'Yar nan, ina allurar rage zafin da Mai Girma Uban Alkawura ya yi mana shelarta da lasifika lokacin zaɓe?"

Ta ce, "Gwaggo, an ce tana cikin kabad a asibiti."

"To, ɗauko mana."

"Makullin na aljihunsa. Yana birni, wai taron tausaya wa masu haihuwa."

Ashe kwaɗo ɗaya ne ya rage a garin nan, shi ya sa jaririn ya ƙi fitowa. Na suri dutsen niƙan barkonona na nufi asibiti.

Kuddus mai gadi ya tare ƙofa. "Gwaggo Sobura, ki rufa mini asiri, dukiyar hukuma ce."

"Shefali kuma dukiyar wa? Matsa, ni na yi maka wankan farko, na san iyakar girmanka."

Ya matsa, har ya riƙe mini mayafi. Kwaɗon bai yi gardama ba. Allah ya ja zamanin Mai Girma, kabad cike take: kofunan shayi masu bakin zinariya na manyan baƙi, furen roba, hotonsa rungume da jaririn aro, da ƙaton almakashin da ya yanke ƙyalle da shi ranar buɗe asibitin. Allura kuwa, ko ta ɗinki babu. Na zaci rijiya ta bayar guga ya hana, ashe rijiyar ma zana ta aka yi a bango.

Na dawo da almakashin don kada in shigo hannu rabbana. Shefali ta sha wuyarta tsaf, ba ragi, har muryarta ta dishe. Shiuli ta yi ta murza mata baya da man mustad mai yaji da muke soya kifi da shi, tana ba ta haƙuri kamar ita ta yi alkawarin. Da la'asar 'yar ta faɗo tana tsala ihu, an ce ni ta gado. Shiuli ta tafasa almakashin ta yanke cibiya. Tun da aka saye shi, jiya ya fara aikin asibiti.

Mai Girma, ranka ya daɗe, ga ƙarata. 'Yata Moyna za ta sauka bayan damina. A zuba magani a kabad ɗin nan, a ba ungozoma makulli, tunda ita ke durƙusawa da mu. In ba haka ba, dutsena yana nan, kuma yanzu ya san hanya.

Kuddus ya ce za a yi bikin ƙaddamar da sabon kwaɗo. Madalla. In za a yanke ƙyalle, Mai Girma ya zo da kansa ya karɓi almakashinsa, yana ƙarƙashin matashin Shefali, ita ma tana da 'yar tambaya.

Agwagwa ɗaya har yanzu ba ta dawo ba. Mofiz ya ce ta tafi birni taro.