Ƙwararre da Maɓallin Sauraro

Ba kowane gidan rediyo Allah yake wa baiwar mutum irin Ƙwararre ba. Gidan rediyon ɗalibai ya dace. Ƙwararre ɗan ajin ƙarshe ne, mai tabarau marar magani da jakar kwamfuta wadda ko wurin cin abinci ba ya rabuwa da ita. A hutun da ya wuce ya yi wani kwas a intanet kan tsara shafi yadda mai ziyara zai ji daɗi. Tun daga lokacin ya daina kallon mutane a matsayin mutane. Kowa ya koma "mai amfani".

Gidan rediyon ɗaki ɗaya ne a bayan sashen koyon aikin jarida. An manna kwalayen ƙwai a bango don su sha ƙara, akwai makirufo biyu, da fankar da ake kashewa in za a karanta labarai. Muryar gidan ba ta wuce ƙofar makaranta. Ga shi Shugaban Sashe ya fara cewa in ba mai sauraro, gara a mai da ɗakin wurin ajiye karyayyun kujeru. Shi ya sa Manaja, ɗalibar da ke riƙe da gidan, ta ce a yi shafin intanet, iyaye da tsofaffin ɗalibai su riƙa ji daga nesa.

Dogo, mai kula da na'urori, ya haɗa wani shafi yadda ya iya: sunan gidan a sama, ƙaton maɓalli ja a tsakiya, an rubuta "Saurara". Kafin su kai ga buɗe shi, sai Ƙwararre ya leƙo. Ya dubi allon, ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa.

"Subhanallahi! Wannan ai cin fuska ne," in ji shi. "Mutum ya shigo, ko gaisuwa babu, ku cusa masa sauti a kunne? Mai amfani ba rediyo yake nema ba. Tafiya yake nema. Sai an ɗauki zuciyarsa an zaga da ita."

Manaja ta ce ita dai so take innarta ta ji muryarta. Ƙwararre ya yi mata murmushin tausayi, irin wanda likita ke yi wa mai cewa ya san ciwonsa.

Aka sakar masa aikin, kuma a gaskiya bai yi ƙyuya ba. Ya cika bango da 'yan takardu masu launi har suka rufe jadawalin shirye-shirye, mai karanta labarai ya shigo a lokacin mai gaishe-gaishe. Ya ƙirƙiro wata mai sauraro a kansa, ya ba ta shekaru da sana'a da kalar da take so, ya shiga kafa hujja da ita a kowane taro. In Dogo ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta, sai ya ce ita ba ta yi ƙorafi ba. Baiwar Allah, ba ta taɓa musa masa ba.

Ya kuma yi abin da ya kira gwaji. Ya tare wata ɗaliba a baranda, ya miƙa mata waya ya ce ta nemo inda ake sauraro. Ta danna nan, ta danna can, har aka shiga aji ta mayar masa ta ruga. Ƙwararre ya dawo yana walƙiya.

"Kun ga yadda ta daɗe a shafin? Ta kasa rabuwa da shi!"

Ranar buɗewa Shugaban Sashe ya zo da kansa, ya zauna a kujerar da ba ta rawa, ya ciro wayarsa. Shafin ya buɗe da wasu taurari suna juyawa. Da suka gaji, sai shafin ya tambaye shi yadda yake ji yau: nishaɗi, ko kewa, ko zurfin tunani?

"Sauri nake," in ji Shugaba.

Ƙwararre ya ce, "Ranka ya daɗe, babu wannan a ciki. Zurfin tunani ya fi kusa."

Shugaba ya zaɓi zurfin tunani. Shafin ya yi duhu, ya kawo tarihin rediyo tun daga asalinsa. Shugaba ya ja ƙasa, ya ja ƙasa, babban yatsansa ya gaji ya canza hannu. Ashe maɓallin na nan, an mai da shi wani ɗigo mai launin toka a kan toka, yana ɓuya a bayan hoton kunne, ba ya fitowa sai an danne kunnen an riƙe.

"Da gangan ne, ranka ya daɗe," in ji Ƙwararre. "Abin da aka sha wuya aka samu ya fi shiga rai."

Shugaba ya mai da wayar aljihu, ya dubi faɗin ɗakin da tsawonsa kamar mai auna kujeru nawa zai ci. Ya ce wa Manaja zai sake gwadawa a ƙarshen wata, daga nan kuma shi ke nan. Da ya fita, Manaja ta zauna ta yi tagumi. Tun tana ajin farko take share ɗakin nan.

Ƙwararre kuwa nan take ya gano bakin matsalar: jama'a ne ba su waye ba. Ya nemi a ba shi fili ya wayar da kansu. Manaja ba ta da ƙarfin gardama, ta ba shi lokacin kiɗan yamma. Ya gyara kwalar rigarsa a gaban makirufo, ya yi bayani dalla-dalla yadda masu sauraro ta intanet za su gano inda ake sauraro. Bai tsaya ya tambayi kansa ta wace ƙofa wanda bai gano ba zai ji bayanin ba. Manyan mutane ba sa tsayawa kan ƙananan abubuwa.

Da ya gama ya cire abin kunne, ya tambayi Dogo mutum nawa suka saurara ta shafin.

"Ɗaya," in ji Dogo.

"Alhamdu lillahi! Mai fahimta ɗaya ya fi taron masu danne-danne. Daga ina yake?"

Dogo ya ƙura wa allo ido, ya ɗago. "Daga ɗakin nan. Ɗan'uwa, duba aljihunka."

Ƙwararre ya ciro wayarsa. Shafin na buɗe tun ɗazu, kuma an rage sautin har ƙasa.

Washegari Manaja da Dogo suka kwashe taurari da tambayoyi da tarihi, suka mayar da jan maɓallin. Innar Manaja ta ji muryar 'yarta, ta buga waya tana cewa ta rage sauri in tana magana. A ƙarshen wata Shugaban Sashe ya danna sau ɗaya ya ji labarai, karyayyun kujeru suka nemi wani masauki.

Ƙwararre bai yi fushi ba. Har yau yana nuna wa 'yan ajin farko shafin, yana cewa duk gyaran da aka yi, ba a iya taɓa ruhin aikinsa ba. Hujjarsa ita ce hotonsa da ya maƙala a kusurwar sama, hannu a haɓa, yana nan daram. Gaskiya ne, yana nan. Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa, bai gano inda ake dannawa a cire shi ba.