Gaisuwar Maigari da Turancina Mai Haruffa Biyar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tsayar da ni tafinta a ƙofar gidan Maigarinmu ba, ko da yake na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawar, har na gaji na bari.

Tun zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Tudun Wada, kusa da Burumburum, kuma ni kaɗai ne daga cikinsa nake makarantar midil a birni. Malaminmu na Turanci yana da tasa hanyar koyarwa. Yakan tara kalmomi masu tsawo ɗaya da ƙarshe ɗaya, ya ce 'yan ɗaki ɗaya ne, ya jera su a allo mu yi ta rerawa kamar hadda. A zangon nan muna kan masu haruffa biyar: light, night, right, sight, fight, might, tight. Na haddace su sarai. Haɗa magana da su kuwa, ba mu kai wurin ba tukuna.

Da na zo hutu da kaka, Baba ya zaunar da ni a zaure. Ya ce, "Gyaɗa ta yi bana, hannu ne babu. 'Yan'uwanka suna gona, kai kana birni kana cin tuwon hukumar En'e. In ka iya Turancin, ya isa haka. In ba ka iya ba, zaman me kake yi?"

Duk amsar da na duba, gona take kai ni. Ni kuwa makarantar nake so (ba don ilimi kaɗai ba, akwai gado da bargo). Na ce na iya, amma da saura. Ya ce, "To, ma gani."

Ba a daɗe ba aka gani. Wani Bature likitan dabbobi, sabon zuwa ƙasarmu, ya sauka don yi wa shanu allura. Malamin da ke masa rakiya ya riga ya wuce ruga, saboda haka Maigari ya aika a kira "ɗan makarantar nan". Na tarar da Baturen a kujera gindin durumi, hularsa a gwiwa, bai ce uffan ba. Dattawa suna zaune a tabarmi, Baba a cikinsu. Ardon Fulani da mutanensa suna tsaye, sanduna a kafaɗa.

Maigari ya gyara murya ya fara. Sannu da zuwa. Ina gajiya, ina hanya, yaya aka baro mutanen birni, yaya iyali, yaya aiki, yaya aka ji da zafin ƙasarmu. Sannan ya dube ni.

Na ce, "Welcome, sir." Na rufe baki.

Maigari ya jira. Da ya ga ba ƙari, ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, ranka ya daɗe."

"Har da iyalin da gajiyar?"

Ardo ya ce, "Turanci kam akwai rowa."

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kai, kada ka yanke wa Maigari gaisuwa a gaban baƙo. Isar masa da ita duka."

Mai karatu ya san yadda abin yake a wurinmu. Baƙon da aka yi wa gajeriyar gaisuwa, korarsa aka yi. Gaisuwar Maigari doguwa ce, dole tawa ta yi tsawonta, ni kuwa abin da nake da shi mai tsawo guda ɗaya ne tak. Sai na durƙusa, na rage murya yadda ake gaida manya, na ce, "Light, sir. Night, sir? Right, sir?" Ina faɗa ina ɗan tsayawa, kamar mai jiran a ce lafiya lau. (Har rausayar da kai nake yi. Wannan ne yake hana ni sakewa har yau.)

Maigari ya shiga gyaɗa kai. Dattawa suna cewa madalla. Na saci kallon Baba, na ga fuskarsa a sake, irin sakin da ban taɓa gani ba saboda ni. Da na kai tight, sai Maigari ya ji daɗi ya ƙaro: "Tambaye shi yaya sauran Turawa." Babu yadda zan yi, na juyo da su daga ƙarshe zuwa farko.

Baturen ya saurare ni har na dire. Sannan ya cire lofe daga bakinsa, ya juya wajen Maigari ya ce, "Lafiya lau, Maigari. Gajiya ta bi lafiya. Iyali suna Ingila, suna nan kalau."

Hausa ce. Ta hanci take fita, amma Hausa ce, kowa ya ji. Ashe shirun da ya yi tun farko jira yake mai gida ya gama gaisuwa, kamar yadda aka koya masa.

Maigari ya ce, "Ashe kana ji. To yaya ka ji gaisuwar yaron namu?"

Da ma ya yi mini ƙarya ko ta kwana ɗaya. Amma mutum ne mai tsare gaskiya. Ya ce, "Ya ce mini haske, da dare, da dama, da gani, da faɗa."

"Faɗa da wa?"

"Ba da kowa ba, karatun aji ne. Ya haddace da kyau. Sai dai a dawowa ya tsallake guda."

Ardo ne ya fara dariya, sai da ya dafa sandarsa. Ya ce, "Dare da faɗa, yaro? Mu da allura muka zo yi." Daga nan ba wanda ya iya riƙewa. Ina nan durƙushe, ba wanda ya ce in tashi, ni kuma ban san yadda ake tashi daga irin wannan ba. Kafin azahar yaran gari sun raɗa mini suna: Layit-Nayit.

Baba bai yi mini magana ba sai bayan la'asar. Na riga na sallama, har na fara tunanin wace fartanya ce za ta zama tawa. Sai ya kira ni ya ce, "Ranar da hutu ya ƙare ka ɗauki akwatinka. In na ajiye ka yanzu, har ka mutu kai ne Layit-Nayit, ni kuma uban Layit-Nayit. Koma ka iya abin nan sosai."

Haka na koma makaranta, kunya ta yi mini abin da roƙo ba zai yi ba. Tun daga ranar, in abin da na sani ya ƙare nakan yi shiru, kuma ba na yi wa kowa tafinta sai na fara gaishe shi da Hausa na ji amsarsa.

Turancin dai na iya shi daga baya, na ci abinci da shi har na yi furfura. Sunan ne bai san na iya ba. Duk sanda na je gida, akwai tsohuwar da za ta leƙo daga zaure ta ce, "A'a, Layit-Nayit ne?" Na daina gardama. Nakan ce, "Ni ne, Inna. Ina gajiya?"