Rasuwar Dogon Waya, Hedifon Ɗin da Ya Daɗe Yana Ƙin Mutuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari marayu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da mawaƙa da makaɗa, da duk wanda ya taɓa cire takalmi ya shigo ɗan situdiyona da ke bayan shagon aski, rasuwar abokin aikina kuma aminina, hedifon ɗina da aka fi sani da Dogon Waya. Ya rasu jiya da hantsi a kan kujerar baƙi, bayan doguwar jinya da gajeren hatsari. Duk wanda ya gan ni ina murmushi ni kaɗai a bakin titi, ya yi mini uzuri, ni haka baƙin ciki yake kama ni.

Marigayi ya shigo rayuwata ne ta ƙofar talauci. Na je kasuwa da niyyar sayen sifikun situdiyo, irin guda biyun nan da ake girkewa dama da hagu, mutum ya zauna a tsakiya kamar alƙali yana sauraron kiɗa. Da mai shago ya faɗi kuɗinsu, sai na ce masa dama wani abokina nake tambayar wa. Ya dube ni, ya dubi takalmina, sannan ya jawo wani kwando daga ƙarƙashin kanta cike da hedifon na hannu. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya da wata waƙa da na sani kamar yunwar cikina. Wani ya zuba mata zaƙi, wani ya cika ta da dundu har haƙorana suka motsa. Shi kuwa Dogon Waya ya ba ni ita yadda take, babu kwalliya, har na ji inda mawaƙin ya haɗiyi yawu. Mai shago ya ce, "Wannan fa ba shi da daɗi, maigida, shi ya sa ya daɗe a nan." Na ce shi nake nema. Mai haɗa sauti gaskiya yake saye, daɗin kuwa shi zai sa da hannunsa.

Marigayi ya kasance mai faɗin gaskiya ko da za a ji haushi. Bai taɓa yi wa murya fadanci ba. Idan mawaƙi ya kauce, zai kawo mini ƙara nan take. Shi ya tona asirin kujerar da ke ƙara a tsakiyar amshi, da fankar da aka manta ba a kashe ba, da cikin wani mawaƙi da ya yi kuka a baiti na biyu har muka yi tunanin mu bar shi a matsayin kayan kiɗa. Sannan mai rufin asiri ne. Shekara da shekaru ina maimaita layi ɗaya na waƙa tun safe har la'asar, amma telan da muke bango ɗaya da shi bai taɓa sanin abin da nake ciki ba. Har tambayata ya taɓa yi ko na daina sana'ar ne.

An ce kada a faɗi aibin mamaci, to amma wannan aibin kowa a layinmu ya san shi. Marigayi yana da rowar bes, wato wannan dukan ƙasa na kiɗa da ake ji a ƙirji. Sai ya ɓoye shi, ni kuma in yi ta ƙarawa ina cewa bai isa ba. Waƙar farko da muka gama tare, na kai ta motar maƙwabcina direban tasi don in ji yadda za ta fita a waje. Muna kunnawa ƙofofi suka ɗauki rawa, madubi ya sunkuyar da kai. Direba ya taka birki, ya fita da gudu ya kwanta a ƙarƙashin mota yana duba ko salansar motar ce ta faɗi. Tun daga ranar na koyi halin abokina. Idan ya ce bes ya yi daidai, to ya yi yawa. Idan ya ce babu, to nan ne daidai. Kuma ban sake sallamar waƙa ba sai ta bi ta motar direba, ta bi ta rediyon mai aski, ta bi ta ƙaramar wayar Uwargida da ke magana ta hanci.

Tunda an ambaci Uwargida, wajibi ne a faɗi matsayinta a wannan rashi. Na daɗe ina kai mata kukan sifiku. Na nuna mata hotuna, na yi mata bayanin cewa hedifon yana cusa kiɗa a cikin ƙoƙon kai, sifiku kuwa suna shimfiɗa shi a gabanka ka ga kowane kaya a mazauninsa. Ta saurare ni har ƙarshe tana ninke kayan yara, sannan ta yanke hukunci: "Abin da kake da shi yana aiki. Ranar da ya mutu, mutuwar Allah da Annabi, ka sayi sifikunka, ba zan ce uffan ba." Na amince a gaban shaidu. Abin da ban sani ba shi ne Dogon Waya yana rataye a wuyana a lokacin, kuma ya ji komai.

Daga ranar ya ɗaura aniyar tsawon rai. Ya faɗo daga tebur, ya tashi. Shayi ya zube masa a kunnen dama, ya shanye. Tayar kujera ta bi ta kan wayarsa ba sau ɗaya ba, ko a jikinsa. Soson kunnuwansa ya zube yana bar mini baƙin gari a gemu, Uwargida ta yanke safar yara ta ɗinka masa sababbi, ɗaya ja ɗaya mai hoton agwagwa. A haka nake karɓar manyan mawaƙa. Duk lokacin da ya yi shiru na fara shirin karɓar gaisuwa, sai ta ɗauke shi ta kai wa ƙaninta mai gyaran rediyo, wanda ake kira Mai Dalma. Wannan bawan Allah bai san a bar abu ya huta ba. Zai buɗe, ya hura, ya ɗiga dalma, ya dawo mini da shi yana washe baki: "Yaya, ga mutuminka, ya fi da lafiya." Ni kuma in yi godiya, don ina da tarbiyya.

Ciwon ajalinsa ya fara ne daga kunnen hagu. Da farko ɗan tari ne, "kirr, kirr." Daga baya ya koma "tsss," sai ya ɗauke, sai ya dawo. Na gano cewa idan na karkatar da wuya zuwa kafaɗar dama, na riƙe wayar da yatsu biyu, na daina numfashi, yana magana lafiya lau. Haka na yi ta aiki a karkace. Mawaƙa suna ganina sai su ɗauka waƙarsu ce ta ratsa ni, wani har ya ce bai taɓa ganin wanda ya fahimci fasaharsa kamata ba. Na je gaisuwar surukai a karkace, aka ba ni man zafi.

Jiya da hantsi wani mawaƙi da muke kira Babban Gida, mutum mai cikar zati da cikar kujera, ya shigo ɗaukar murya. Ya yi sallama, ya juya, ya zauna. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "ƙaras." Ina so in yi amfani da wannan dama in ƙaryata jita-jitar da ke yawo cewa ni na ajiye shi a kan kujerar. Gaskiya ne ƙusarsa tana jikin bango, kuma a nan yake kwana tun zuwansa. Gaskiya ne kuma ni na ce wa Babban Gida ya zauna ya huta, har na gyara masa kujerar. Wannan karamci ne, haka aka rene mu. Game da masu cewa zama a kan mutum ba ya cikin mutuwar Allah da Annabi, ina tambayarsu: wa ya halicci Babban Gida, kuma wa ya ba shi wannan jiki?

Marigayi ya rasu ya bar kwamfuta mai zafin jiki, da makirfo guda, da ƙaramin kan jona wayarsa da ya ɓata ya dawo sau babu adadi, da doguwar wayarsa wadda ita ce ta uku a aurensa. Ya bar safa biyu. Ya bar ƙusa a bango, da wani kwari a tsakiyar sumata daidai inda yake zama, wanda mai aski ya ce ba zai cike ba har abada.

Masu tambayar wa zai gaje shi, ina roƙon a bari ƙura ta lafa, yanzu ba lokacin wannan magana ba ne. Abin da kawai zan ce, ɗakina ƙarami ne, don haka manyan sifiku ba nasa ba ne, bes zai yi ta karo da bango yana yi mini ƙarya fiye da ta marigayi. Ƙanana ake so, masu faɗin tafin hannu, a janye su daga bango, a ɗaga su daidai kunne, a rataya bargo mai kauri a baya. Farare ne, da ɗan koren haske a gaba, kuma idan aka kunna su suna yin wani ɗan "tup" mai sanyaya zuciya. Haka dai na ji ana faɗa.

To, ba zan iya riƙewa ba. Jiya da la'asar na kunna su. Na sa waƙoƙin da muka haɗa da Dogon Waya, ina jiran in ji kurakuran da ya ɓoye mini duk shekarun nan, in samu abin da zan nuna wa Uwargida. Jama'a, babu. Murya tana tsakiya, kowane kaya yana mazauninsa, komai zaune daram. Wannan tsoho mai safar agwagwa, da kunne ɗaya da rabi, bai taɓa cin amanata ba. Na zauna a gaban sababbin sifikuna na yi hawaye na gaske, kuma ina cikin yi tela ya buga bango, karo na farko tun da muke maƙwabtaka, ya ce a rage. Na miƙa hannu wajen ƙusa, na tarar babu kowa.

Za a yi jana'iza yau da la'asar a bayan shagon aski, kusa da tankin ruwa. An gaggauta ne saboda zafi, ba don an ji Mai Dalma ya dawo daga tafiya ba. Za a sa marigayi a cikin kwali mai kyau, fari, mai soso a ciki, wanda bisa ikon Allah ya yi mako yana jira a ƙarƙashin teburin mai aski. Shi mai askin, wanda na amince wa kamar ɗan uwa, ya riga ya ba duk wanda ya zauna a kujerarsa labarin kwalin, har da yaranmu da aka kai aski shekaranjiya. Babban Gida zai yi waƙar ban kwana, a tsaye. Za a karɓi gaisuwa a situdiyo, a shigo ɗaya-ɗaya, kada a taɓa komai fari.

Yanzun nan Uwargida ta aiko cewa za ta halarta, tana so ta ga gawar da idonta, ta ga kwalin, kuma za ta zo da ƙaninta da jakar aikinsa. Don girman Allah, jama'a, a zo da wuri, a zo da yawa, a tsaya tsakanina da ita.