Rasuwar Ɗan Gurnani, Akwatin Ƙara Muryar Jita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu biyu da dalma ta ƙona, ni Nata'ala ɗan Malam Barau na Ɗanzomo nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gumel, Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar rasuwar akwatina mai ƙara muryar jita, wanda aka fi sani da Ɗan Gurnani. Ya cika ranar Laraba, sha biyu ga Yuni, 1957, bayan la'asar, a zauren gidanmu. Wata goma sha ɗaya ya yi a duniya. Jinyarsa ba ta kai yini ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba. Asalinsa akwatin shayi ne. A cikinsa akwai kwalabe uku na tsohon rediyo, waɗanda masu gyara ke kira bawul, da lasifika ɗaya mai tsaga a gefe wadda na liƙe da ƙaro. Batir biyu yake ci: ƙarami mai ɗumama kwalaben, babba mai ba su ƙarfi. Makunni ɗaya ke tayar da su duka, da wayoyi huɗu a bayansa. Ni na haɗa shi, da wani littafi maras bango da na taho da shi daga makaranta a Kano, da ƙarfen liƙi da nake gasawa a garwashi.

Jitar ba tawa ba ce. Ta Hudu Dogo ce, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama, wanda yanzu yake aikin layin dogo a tashar Gagarawa. Shi ne kuma ya ba ni waya mai sulke, kamu huɗu, ragowar kayan soja. Sili ɗaya ne a tsakiya, an kewaye shi da saƙar ƙarfe kamar rigar yaƙi. Muryar jita ƙarama ce, ta cikin silin take bi zuwa akwati, sulken kuma shi ke tare duk wata hayaniya kada ta shiga tare da ita. Wayar ba ta da kyan gani. Ta zaizaye, ta fitar da ƙayoyi kamar ƙarangiya. Amma a duk ƙasar Gumel ban san inda ake da irinta ba.

Marigayin mai kunya ne. Bai taɓa magana ba a tambaye shi ba. Idan an murɗa makunni sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce “mmmm”, can ƙasa-ƙasa, kamar dattijo da aka kawo wa ƙara. Hudu na taɓa tsirkiya sai ya amsa “dan, dan, dirin”, a ji shi tun daga zaure har bakin rijiya. Ranar da ya fara magana awaki uku suka tsinke igiya. Mahaifina ya leƙo, ya saurara, ya ce wai jakinsa ma yana yin haka kuma ba a saya masa batir. Ɗan Gurnani bai rama ba. Shi kaɗai ne a Ɗanzomo bai taɓa tambayata abin da takardar makaranta ta tsinana mini ba.

Ga abin da ke wuyansa lokacin da ajali ya same shi. Akwai wani mai gyaran rediyo daga Kano da kan zo kasuwar Maigatari ran Alhamis, jefi-jefi. Ya aiko ta bakin Hudu cewa in kawo abin da na haɗa ya gani, idan ya gamsu ya tafi da ni in koyi aiki a shagonsa. Baba ya yarda, da sharaɗi ɗaya, a gaban mutane: idan akwatin ya samar mini wuri kafin ruwan shuka, in tafi da albarkarsa. Idan ruwa ya riga ni, in rataye takalmin makaranta in bi shi gona, kuma kada a sake tayar da maganar Kano a gidansa. Alhamis, sha uku ga wata, ita ce ranar. Tun sati guda kafin nan gabas take haɗa hadari tana warwarewa. Ni ma ban iya zama wuri ɗaya ba.

Ran Litinin na tafi Gagarawa ɗauko jita. Na bar marigayin a ɗakin Goggo Lauratu, ƙanwar Baba, wadda ta goya ni, wadda ita kaɗai a gidan ke cewa a bar yaro ya gwada. Ta ji cewa akwatin zai fita gaban baƙo daga birni. Ta duba shi, ta goge shi da man gyaɗa, wayar ta soke ta a yatsa. Ta ce wai ɗanta ba zai tsaya a tsakiyar kasuwar Maigatari da igiya mai kama da wutsiyar ɓera ba, kamar wanda ba shi da kowa. A wurinmu abu mai daraja ba ya fita tsirara. Wuƙa tana da kube, littafi yana da gafaka. Sai ta naɗe wayar a bakin zane ta kai wa Sajo baduku.

Ban ga laifin Sajo ba. Ya ga ƙayoyin za su huda fata, sai ya zauna ya zare sulken nan tas, sili-sili, ya bar ta tsakiya. Ya yi mata riga da jar fata, ya kitsa ta kamar linzami, ya sa geza kore a kowane baki. Ban taɓa ganin aikin dukanci mai kyansa ba.

Laraba da azahar na dawo da jita a kafaɗa. Goggo ta shimfiɗa wayar a kan faifai ta kawo mini, tana tsaye tana jiran in yi magana. Na riƙe. Na ji ta yi laushi a hannu, na gane. Na ce an gode. Ta koma ciki tana guɗa ƙasa-ƙasa.

Na haɗa, na kunna. Marigayin bai ce “mmmm” ba. Ya ce “wiiiii”, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na matso da hannu, ya ƙara. Na janye, ya koma “ƙrrr, ƙrrr” duk sanda walƙiya ta gifta can wajen Maigatari. Jitar kuwa tana ƙarƙashin wannan duka, da ƙyar ake jin ta, kamar mai kira daga cikin rijiya.

A nan ya kamata in ajiye ƙarfe in fita in sha iska. Ban yi ba. Na ce bari in cire makunni daga kusa da bakin wayar in mayar da shi ɗaya gefen, ko kukan zai ragu. Na zare wayoyi huɗun nan lokaci guda. Littafin ya ce a ɗaura wa kowace alama kafin a cire. Na karanta wurin ya fi sau goma. Ban ɗaura ba, don ina ganin na haddace su. Iska ta taso, garwashi na mutuwa, Baba na tsakar gida yana wasa bakin sungumi da dutse, ina jin kowane ja. Na liƙa. Dalma ta zubo mini a yatsu, ban tsaya ba. Wayar babban batir na sa a gurbin ta ƙarami.

Na murɗa makunni. Kwalabe ukun suka yi haske fari fat, irin wanda ba su taɓa yi ba a rayuwarsu. Ya ce “ɗas”. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe.

Ba fata ce ta kashe shi ba. Fata ciwo ta sa masa. Ni na ƙarasa shi.

Daren Alhamis aka yi ruwa, har ƙasa ta jiƙa kamu guda. An ce baƙon ya jira a Maigatari har azahar, ya tambaya sau biyu, ya hau motarsa.

Marigayin ya bar lasifika ɗaya, tana nan lafiya amma ba ta magana. Ya bar batir biyu, babban ba ya iya haɗa ido da kowa. Ya bar jita, wadda ta koma gidan Hudu don yin takaba. Ya bar sulke, wanda yanzu Goggo ke goge tasoshi da shi, ta ce bai taɓa yin amfani kamar haka ba. Ya bar ni.

Roƙo ɗaya. Goggo Lauratu ba ta karanta boko. Duk wanda ta sa ya karanta mata wannan takarda, don girman Allah ya tsallake wurin Sajo. Ya ce mata kwana ne ya ƙare. Ta san wayar ta yi kyau, a bar ta a kan haka.

Jana'iza: za a binne kwalabe ukun ranar Asabar da hantsi, a gindin gawon da ke bakin gonar Malam Barau, gabas da Ɗanzomo. Ba wanka, ba salla, kada liman ya ji ya ce na yi saɓo. Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Mai son yin ta'aziyya zai same ni a cikin gona, a bayan Baba, shi yana sara ni ina zuba gero ina takewa. Ya zo da ƙwaryarsa, akwai iri.

Masu zuwa daga Gagarawa kuma, ina roƙo, kada kowa ya faɗa mini ƙarfe nawa jirgin Kano ke tashi. Na sani.

Nata'ala Barau, Ɗanzomo.